npm, Yarn ko pnpm: wanne ya kamata ka fara da shi?

Su ukun duka manhajoji ne na sauke kunshi, wato lambar da wasu suka riga suka rubuta, ka sa a aikinka na JavaScript. Duk wanda ya girka Node.js, manhajar da ke gudanar da JavaScript a kwamfuta, ya riga ya samu npm, tare suke zuwa. Tun 2010 yake aiki, kuma yawancin darussan intanet da shi ake koyarwa. Abin da ya raba ni da shi cin wuri ne. Kowane aiki ka buɗe, sai ya jibge masa nasa node_modules, wato jakar da ake tara kunshin da aikin ke buƙata. Ayyukan React (kayan gina shafukan intanet) tara nake da su a wata tsohuwar kwamfuta mai 128GB, ana gobe zan miƙa aiki ta ce wuri ya cika. Na kwana ina goge-goge.

Daga nan na koma pnpm. Shi rumbu ɗaya yake yi a kwamfutar. Kunshin da ka taɓa saukewa, muddin sigar ɗaya ce, kwafi ɗaya ake ajiyewa, ayyukanka duka su riƙa ɗiba daga can. Kuma ba ya barin ka kira kunshin da ba ka rubuta a package.json ba, wato fayil ɗin da ke lissafa kunshin aikinka. Da farko za ka ji kamar takura ce, amma gara kuskuren ya fito a gabanka da ya fito bayan ka miƙa aiki. Don girka shi, ka rubuta npm install -g pnpm, shi ke nan. In tsohon aiki ne, pnpm import zai karanta package-lock.json ɗinka, fayil ɗin da npm ke rubuta sigar kowane kunshi a ciki, ya samar da nasa mai suna pnpm-lock.yaml.

Yarn, wanda Facebook ta fitar a 2016, ya rabu gida biyu, tsoho da sabo, kuma wannan na rikita ɗan koyo. Akwai kuma wani mai suna Bun, yana da sauri, amma sai 2023 ya kai siga ta 1.0.

Ko wanne ka ɗauka, kasuwa ɗaya suke ci, wato rumbun npm na intanet, kuma akwai jabu a cikinta. A 2017 an ɗora wani kunshi mai suna crossenv, ana kwaikwayon cross-env na gaskiya, yana sace bayanan sirrin masu girka shi. Ɗan layin tsakiyar sunan (-) kaɗai ne bambancin! A 2018 wani ya karɓi ragamar kunshin event-stream daga hannun mai shi, ya cusa lambar da ke harin asusun bitcoin na manhajar Copay. Wasu kunshin ma tun wajen girkawa suke gudanar da umarninsu, shi ya sa na ji daɗi da pnpm 10 ya hana hakan sai da izininka. Don Allah ka duba suna harafi-harafi kafin ka danna, ko a bidiyo ka gani, ko manhajar hira ce ta ba ka. Ka leƙa wanda ya ɗora shi da yawan masu saukewa, kuma kada ka bar pnpm-lock.yaml a baya in za ka tura aikinka Git, wurin adana lambar aiki.