Filasha mai batir ko fitilar LED ga mai sabon situdiyo

Malam, kan tambayarka ta wacce za ka fara saya tsakanin filasha mai batir da fitilar LED mai haske a tsaye: sayi filasha. In kuɗin ya kai, ka ɗauki Godox AD200 ko ƙanwarta AD200Pro, ka haɗa da tiriga (na'urar da ake ɗorawa a kan kyamara don ta tayar da filasha) da sofbos guda (akwatin yadi mai tausasa haske). Fitila ta biyu kuma ka bari aiki ya saya maka.

Irin wannan filashar nake riƙe da ita, kuma ta sha fitar da ni kunya. Akwai wani kamu da na je ɗauka a cikin gida, ana gab da fito da amarya NEPA ta ɗauke wuta, janareto kuma ya ce bai san zancen ba. Ɗakin ya yi duhu, ƙawaye sai haska juna suke da waya. Na kafa filashar a kan sanda, na sa wata yarinya ta haska fuskar amarya da tocila don kyamara ta iya saita fuskar, na ci gaba da aikina. Da hotunan suka fito, har zaren aikin leshin ana ƙirgawa, lallen hannunta kuma raɗau. Uwar amarya ba ta yarda a cikin wannan duhun aka ɗauke su ba. Batirin filashar yana ba da walƙiya wajen 500 a cikakken ƙarfi, ni kuwa a ɗaki da wuya in wuce kashi ɗaya cikin huɗu, don haka caji ɗaya yakan kai ni ƙarshen biki.

Kada lambobin kan kwali su ruɗe ka. Wat 60 na LED da 200 na filasha ba ma'auni ɗaya ba ne. Filasha tana tara ƙarfinta ne ta zubar gaba ɗaya kafin ƙiftawar ido. LED kuwa a hankali take bayarwa, kuma kyamararka da ke buɗewa na 1/125 na daƙiƙa ɗan tsagi kawai take samu daga ciki. Shi ya sa da filasha nake zama a ISO 100 (ISO shi ne ƙarfin jin haske na kyamara) da f/8 (wato idon kyamara a ɗan tsuke), mutanen layin gaba da na baya duk su fito tas. Da LED sai ka ɗaga ISO, ka wage idon kyamara har f/2.8, hoto ya yi yashi-yashi, wanda ke baya ya yi dishi-dishi. Ranar Sallah da iyaye za su cika maka shago da yaran da ba sa tsayawa wuri ɗaya, a nan za ka gane bambancin, don walƙiya tana daskarar da motsi. A waje ma, da tsakar rana, AD200 tana bin saurin kyamara har 1/8000 na daƙiƙa, sai ka danne hasken rana ka haska fuska.

LED ɗin, to, ina da guda, tana can a kusurwa. Abin da ka gani da ido shi za ka samu, kuma in bidiyo kake yi ko tallar kaya a TikTok, ita ce taka, don filasha ba ta bidiyo. Amma yawancinsu sai an jona da wuta, suna sa mutane kanne ido, masu arha kuma suna shafa wa baƙar fata wani kore-kore da za ka kwana kana cirewa a manhajar gyaran hoto ta Lightroom.

Wahalar filasha ɗaya ce: ba ka ganin hasken sai ka danna. Ka samu ƙaninka ka zaunar, ka ajiye sofbos a gefensa ɗan sama da kai, ka yi ta matsowa da ja da baya kana duba inuwar hanci. Hannunka zai faɗa da wuri. Ka tuna AD200 ba ta shiga bakin sofbos da aka fi samu, wato irin na Bowens, kai tsaye, sai da mariƙi irin su S2, don haka ka sa kuɗinsa a lissafi.

Sai maganar 'yan kasuwa, ko da ba ka tambaya ba. Akwai masu goge tsohuwar filasha su mayar da ita kwali su ce sabuwa ce, alhali batirin ya gama shan wahala a hannun wani. Kada ka tura wa kowa kuɗi don ka ga hoton kaya a Instagram. Ka je da kyamararka, ka sa ta a cikakken ƙarfi, ka danna a jere. Mai lafiya tana sake cika cikin daƙiƙa biyu ko kusa da haka. In tana jan ƙafa ko layin batir ya faɗi nan take, ajiye masa kayansa. Ka duba ƙwan, in ya yi baƙi-baƙi a gefe ya sha aiki. Tiriga kuma, X2T ce ko XPro, tana da harafi a ƙarshen sunanta: C na Canon, N na Nikon, S na Sony. Wani zai ce maka duk ɗaya ne don ya rabu da wadda ta kwana a shagonsa. Ba ɗaya ba ne, ka karanta harafin da idonka kafin ka ƙirga masa kuɗi.