Makarantar daji a Hambog da maganar kayan wasan yara

Yaya barka da warhaka, ya yara ya maigida. Kin ce in duba miki kayan wasan da za ki saya wa 'yan nazarenki daga nan Jamus, to gaskiya makarantar da autata take zuwa kusan ba su da kayan wasa na saye ko kaɗan. Waldkindergarten suke ce mata, gidan rainon yara ne amma a cikin daji, babu aji babu benci, sai wani ɗakin katako mai taya irin wanda magina ke ajiyewa a wurin aiki, nan suke fakewa in sanyi ko ruwa ya wuce misali. Sauran lokaci duk a waje suke, ko ƙanƙara ake zubawa. An ce daga Denmak abin ya faro wajejen 1950, wata mata Ella Flatau ita ta riƙa fita da yara daji kullum, a Jamus kuma ta farko da hukuma ta amince da ita a garin Flensburg aka buɗe a 1993, yanzu sun haura dubu a ƙasar.

Abin da ya fi tafiya da ni shi ne abubuwan da yaran ke ƙerawa da hannunsu. Da kaka ganye na zuba ja da rawaya da ruwan ƙasa, sai su tsinto su jera a ƙasa su yi zagaye launi bayan launi. Suna kwaɓa laka su manna a jikin bishiya su yi mata fuska, gansakuka ce gashi, tsakuwa ce ido. Akwai wani ɗan itace kastaniya, girman goro ne mai sheƙi amma ba a cinsa, shi suke hudawa su soka tsinken sakace su yi doki ko bushiya ko mutum. Fenti ma gawayi suke daka da jar ƙasa su zuba ruwa. Da hunturu kuma su sa ganye da ruwa da zare a kwano su bari ya kwana a waje, da safe ya daskare su rataye a reshe. Kuma malama ba za ta ce yau kowa ya yi saniya ba, sai dai ta durƙusa ta tambayi yaro me ka yi, ya zauna yana ba ta labari, ita kuma tana saurare da gaske. Yawancin abin a dajin ake barinsa, hoto kawai ake ɗauka.

Har wuƙa ake ba manyan cikinsu su fere sanda, da doka dai, a zaune ake yi kuma a tura bakin wuƙar gaba ba wajen jiki ba. Ba sa zaman koyon ABC ko rubuta lamba, wannan sai an shiga firamare a shekara shida.

Batun kuɗi, a nan birnin Hambog tun Agustan 2014 awa biyar a rana kyauta ne har da abincin rana, takarda kawai za ki nema a ofishin gunduma ki kai makarantar da ta ba ki gurbi, samun gurbin shi ne aiki. Inda kuɗi ke tafiya sutura ce, wandon roba na shiga taɓo, takalmin ruwa, rigar ulu ta ciki, safar hannu, yaro kuma kullum girma yake. Manyan shagunan Aldi da Lidl kan kawo masu sauƙi in lokacin ya zo amma ni a kasuwar gwanjo nake sayen mafi yawa. Ga wanki ba ya ƙarewa, ga duba jikin yarinya duk yamma saboda kaska, don tasu tana sa ciwo. Mutanenmu na nan da yawa tsoron sanyin ke hana su kai yaransu, ban ga laifinsu ba.

Yaya abin yana min ciwo in na tuna mu ma haka muka tashi, shanun laka a bakin kududdufi, motar kara da tabarau na kara bayan girbin dawa, tuwon ƙasa a gindin darbejiya, ba wanda ya saya mana komai. Yanzu yaro ɗan shekara uku yana zaune a aji tun safe, ya dawo da aikin gida, abin wasansa motar roba ce da za ta karye kafin sati. Na san iyaye su ke matsa muku sai sun ga rubutu a littafi, kuma na san da halin tsaron nan ba mai barin a fita da yara daji, ban ce ki yi ba. Amma bayan ajinki akwai fili. Ki sa a kawo yumɓu daga wajen masu ginin tukwane, da kara, ƙwallon goruba, 'ya'yan bagaruwa, ɓawon gyaɗa, a share wurin a duba kunama, ki ba su awa ɗaya da sassafe kafin rana ta ɗaga, ki kuma gaya wa iyaye a sa musu tsofaffin kaya ranar. Abin da na ga ya cancanci kuɗin aike daga nan shi ne ƙananan almakashi marasa tsini da gilashin ƙara girman abu, su zan haɗa miki in mai zuwa Kano ya samu. Ki faɗa min yara nawa ne a ajin.