Kafin ka sayar da tunkiya saboda kwamfuta mai haki

Daren Laraba ƙanena ya kira ni daga shagonsa da ke wani ƙauye a hanyar Maigatari. Sana'arsa tura wa mutane fina-finai, waƙoƙi da karatun malamai a waya, sai ɗan buga takardu in an samu. "Yaya, abar nan fa ta sake," in ji shi. "Da na buɗe foldar fina-finai sai fanka ta hau kuka, maus ya ƙame, can ta saki, can kuma ta sake riƙewa. Gobe kasuwa, tunkiyar nan zan kai in cika kuɗi in sayo wata." Na ce ya bar tunkiya a turkenta tukuna, ya danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ya karanto min abin da ya fito.

Task Manager ke nan, tagar da ke nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, kuma duk wanda zai kashe kuɗi a kan wannan matsala, nan ya kamata ya fara leƙawa. Layuka uku ne abin dubawa: na furosesa da aka rubuta CPU a samansa, na ram (inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai), da na had-dis. Wanda ya cika a daidai lokacin da kwamfutar ta riƙe, shi zai gaya maka me za ka saya, ko ma ba sai ka sayi komai ba. A tasa, Windows Explorer, manhajar buɗe folda, ne ke tashi a layin furosesa daga kashi 2 zuwa sama da 60, ya sauko, ya sake hawa.

Explorer ba buɗe folda kaɗai yake yi ba. Shi ke riƙe da fuskar allo da layin ƙasa mai maɓallin farawa, shi ya sa in ya shaƙe sai ka ga kamar kwamfutar gaba ɗaya ta suma. A shagon turi kuwa aikin da ya fi gajiyar da shi shi ne ƙananan hotunan nan da yake nunawa a kan kowane bidiyo. Folda mai fim dubu biyu, sai ya leƙa cikin kowanne ya ciro hoto. In aka yi rashin sa'a akwai fayil ɗaya da ya lalace, irin wanda janareto ya mutu ana tsakiyar kwafarsa, to nan zai tsaya yana ta ƙoƙari kamar akuya da ƙaho a shinge. Wani lokacin sunan da za ka gani yana hawa tare da shi COM Surrogate ne, ɗan aikensa ne wajen ciro hotunan.

Maganin wannan kyauta ne. Ka shiga saitin folda ka zaɓi a riƙa nuna alamar fayil kawai ba hotonsa ba, ka mayar da kallon foldar zuwa jerin sunaye, ka share tsofaffin hotunan da Disk Cleanup, sannan ka raba fina-finan gida-gida: na Hausa daban, fassarar Indiya daban, kowace shekara da foldarta. Idan kuwa riƙewar na zuwa ne lokacin da ka danna maus ta dama, zargi manhajojin da suka cusa kansu cikin wannan jerin, irin masu sauya bidiyo da masu matse fayil. ShellExView na NirSoft zai nuna maka su, ka kashe waɗanda ba na Microsoft ba ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Sai bairos, wanda filashi da memorin mutane ke kawowa kullum kamar ƙurar takalmi. Explorer na gaskiya a C:\Windows yake zaune. In ka bi sawun wanda ke cin furosesa ka same shi a wata folda dabam, ɓarawo ne ya sa rigar mai gida. Ban ga dalilin sayen manhajar kashe bairos ba, tunda Defender na cikin Windows 10 da 11 ya wadatar muddin kana sa masa data ya sabunta. Guda biyu a kwamfuta ɗaya kuma kishi kawai suke, furosesa ke shan wahala.

To, in an yi duk wannan abin bai daina ba, a zo maganar kuɗi.

Mafi araha shi ne wanka. Ƙurar hunturu na toshe ƙofar iska, zafin Afrilu ya haura 40 a ma'auni, rufin shago kuma kwano. Furosesa in ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, sai ɗan aiki kaɗan ya cika masa layi. Mai gyara ya buɗe, ya hure fanka, ya sauya man nan mai ruwan toka da ake shafa wa furosesa. Laftof ɗin da ta shekara uku ba a buɗe ta ba, da wannan zan fara.

Sai SSD, sabon nau'in ma'ajiya da ake sawa a madadin had-dis, wanda a ganina ya fi komai biyan kuɗinsa. Tsohon had-dis mai juyawa sau 5,400 a minti yana karanta kusan megabait 100 a daƙiƙa, SSD na SATA kuwa yana kai wa 500 da ɗoriya, ba ya juyi, ba ya tsoron girgizar babur, batiri ma ya fi jimawa da shi, abin da mai sola zai ji daɗinsa. Amma a faɗi gaskiya: SSD maganin layin had-dis ne da ya maƙale a 100. Ba zai gyara lalataccen fim ba, ba zai kori bairos ba. Kuma ba sai ka sayi babba ba. Mai gig 256 ya isa Windows da manhajoji, fina-finai su zauna a tsohon had-dis ɗin, ka saya masa gida mai USB 3.0. Kafin ka biya, a ɗora SSD ɗin a gabanka a buɗe CrystalDiskInfo, za ka ga lafiyarsa da awa nawa ya yi yana aiki. Akwai na jabu masu ƙaryar girma, H2testw ke tona musu asiri.

Ram kuwa sai in layinsa ne ke kusa da cika. Daga gig 4 zuwa 8 ana jin bambanci. Ka tafi da laftof ɗin kasuwa, don ram nau'in DDR3 da na DDR4 ba sa shiga gurbin juna, kuma in Windows ɗinka mai bit 32 ce, ba za ta iya amfani da abin da ya wuce gig 4 ba ko ka tula mata.

Wasu na ba da shawarar a bar Explorer a koma wa wata manhajar. Total Commander, wanda Christian Ghisler na ƙasar Suwizalan ya fitar tun 1993, yana raba allo biyu, nan fina-finai nan memori, ya dace da turi sosai, sai dai na kuɗi ne bayan gwaji. Double Commander kyauta yake, kusan aikinsu ɗaya. Everything ma kyauta, kana rubuta rabin sunan fim ya fito. Suna sauƙaƙa aiki, amma Explorer na nan a baya yana riƙe da allo, don haka kaucewa ce ba magani ba.

Sauya furosesa, cire shi daga lissafi in laftof ce. Yawancinsu a liƙe yake da allon uwa, babban faifan da kayan cikin kwamfuta ke zaune a kai.

Sabuwa ta hannu ita ce ƙarshe. In za ka je Beirut Road a Kano, kada tambarin Core i7 ya ruɗe ka, dubi lambar da ke biye, ita ke nuna zubin furosesan, sabo ne ko tsoho. i5-3320M zubi na uku ne, i5-8250U na takwas. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son Intel zubi na takwas zuwa sama, tare da TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfutar. Ka tafi da had-dis ɗinka, ka buɗe wannan foldar mai ba ka wahala a kan wadda za ka saya, ka bar Task Manager a buɗe minti goma. In lalataccen fayil ne, za ka ga sabuwar ma ta hau haki a gaban mai shago.

Ƙanena dai fina-finai biyu ya samu masu rabin kwafi, ya goge su a daren, ya yi cinikin Alhamis lafiya. Bayan sati uku ya shigo Kano ya sayi SSD mai 256 da na'urar karanta memori, don turi ta igiyar waya na ɓata masa lokaci. Fankar ce har yanzu take ƙara da azahar, ya ce sai ya sayar da riɗinsa zai kai ta wanka. Tunkiya tana nan, jiya ma na ji kukanta ta waya.