Igiya ko sarƙa: da wanne za a ɗaure ƙaramin jirgin sama a fili?

Ɗan'uwa, ka ce ƙaramin jirginku zai yi damina a waje saboda babu wuri a rumfar jirage, kana so ka san tsakanin igiya da sarƙa wacce ta fi riƙe shi idan hadari ya taso. Ni dai igiya zan ce, amma da sharuɗɗa.

Mota in ka ajiye ta, nauyinta ne ke zaunar da ita. Jirgi kuwa don iska ta ɗaga shi aka ƙera shi, kuma fiffike bai san bambancin gudu a kan titin tashi da guguwar da ta same shi a tsaye ba. Ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172 babu kowa a ciki bai kai kilo 800 ba, ga fukafukai masu faɗin murabba'in mita 16. Ko da a cike yake da mutane da mai, iskar da ta kai kilomita 100 a awa ta isa ta riƙe shi a sama, balle wanda yake fayau.

Sarƙa tana da abin yabo. Rana ba ta cin ta, ɓera ba ya gwaguyarta, kuma ba ta buƙatar gwanin ƙulli: ka saƙala ƙugiya, ka wuce. Aibinta ɗaya ne, amma babba, ba ta miƙewa ko kaɗan. Idan aka bar mata sako-sako, iska ta ɗaga fiffike har sarƙar ta ƙare, sai ta fizge shi gaba ɗaya, kamar ɗan maraƙin da ya zabura da gudu ya manta yana kan talala. Duk wannan fizgar a kan ɗan zoben da ke ƙarƙashin fiffike take sauka, daga nan ta shige cikin ƙashin fiffiken. Na taɓa tsayawa kusa da wani jirgi da aka ɗaure haka, iskar ma ba ta kai ta kawo ba, amma duk bugu ɗaya sai ka ji ƙwar, har cikin haƙoranka. Shi ya sa a filayen da suka san aiki ba a kama sarƙa da ƙasa kai tsaye. Doguwar wayar ƙarfe ake shimfiɗawa tsakanin turaku, sarƙar ta kama wayar, wayar ce ke ɗan ɗagawa ta shanye fizgar. In kuna da irin wannan, sarƙa ba laifi. In babu, a ɗaure ta tsam ba tare da rara ba, kuma a guji ƙugiya mai buɗaɗɗen baki, domin da sarƙar ta saki take zamewa.

Igiya kuwa iri-iri ce, kuma a nan ake yawan tafka kuskure. Ta rama da danginta suna tsukewa idan sun jiƙe, ka ɗaure da yamma daidai, ruwa ya sauka da dare, da safe ka tarar ta ja fiffike ƙasa, ga saurin ruɓewa. A bar ta wa awaki. Ta nailan tana miƙewa ta dawo, ita ce ta fi iya shanye bugun iska, sai dai ranar ƙasarmu tana cinye ta a hankali. Ta foliyesta ba ta kai ta miƙewa ba, amma ta fi ta jure rana, kuma a wuri irin Kano ko Zinder wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba da shawarar igiyar da za ta ɗauki fam 3,000, wajen kilo 1,360, ga ƙaramin jirgi. Wannan ƙarfin sabuwa ne. Wadda ta shekara a rana, ta koɗe, ka murza ta ka ga gari a tafin hannunka, ta gama aiki ko da ba ta tsinke ba. Sannan ƙulli: a koyi wanda matuƙa ke kira bolin, wanda ba ya zargewa kuma yana kwantuwa bayan ya sha ja. A zoben da aka tanada ake ɗaurawa, fiffike biyu da wutsiya, ba a tsakiyar sandar da ke tokare fiffike ba, don lanƙwashewa take yi.

Duk wannan gardamar banza ce in turken bai da ƙarfi. A ranar 31 ga Maris 2011 guguwa ta afka wa taron jirage na Sun 'n Fun a Florida, ta kifar da jirage da dama, kuma da yawansu turakun wucin gadi ne a jiƙaƙƙiyar ƙasa ke riƙe da su. Ƙasarmu ma haka take: a watan Afrilu da ƙyar ƙarfe ke shigarta, ruwa biyu ya sauka ta koma kunu. Zoben ƙarfe da aka binne cikin kankare shi ne turke, kuma a kafa shi ɗan gaba da gefen fiffike yadda igiya za ta sauka a karkace.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu rana. A kulle sitiyari da makullinsa don kada iska ta riƙa wasa da fikafikan sarrafawa, a sa weji gaba da bayan taya, a cika tanki, don lita 200 na mai ƙarin wajen kilo 140 ne. A toshe ɗan bututun auna gudu, tunda zanzaro ba ya neman izini kafin ya yi gini a ciki, a kuma rataya masa jan ƙyalle don kada a tashi da shi a toshe.

Sai fuskar jirgin. Da damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take busowa, har ta ruɗi mutum ya juya hanci can. Amma hadarin da ke yaye kwanon gidaje daga gabas yake haɗowa, ƙura a gaba, ruwa a baya. Idan turakunku sun ba da zaɓi, hanci ya kalli gabas.