Salgado ko Muniz: wa matashin mai ɗaukar hoto zai bi?

Duk 'yan Brazil ne, amma hanyarsu ta rabu tun daga tushe.

Sebastião Salgado, wanda aka haifa a 1944, masanin tattalin arziki ne kafin ya rungumi kyamara a 1973. Shi mai zuwa ne da ƙafarsa. Ya shiga ramin haƙar zinariya na Serra Pelada a 1986, inda dubban mutane ke hawa tsani da buhunan ƙasa a wuya, jikinsu duk laka. Kafin nan ya yi watanni yana ɗaukar masu fama da fari a Mali da Chadi da Sudan da Habasha. Hotunansa baƙi da fari ne. Wasu na sukarsa cewa ya ƙawata wahalar talaka. Ni kuwa ina ganin mutunci ya ba su. Ya rasu a 2025.

Vik Muniz, ɗan São Paulo da aka haifa a 1961, ƙera abin da zai ɗauka yake yi. Ya zana 'ya'yan masu noman rake da sukari a kan baƙar takarda, ya ɗauka, ya share. A jujin Jardim Gramacho kusa da Rio, ya haɗa kamannin masu tsintar bola da sharar da suke tsinta, kuɗin hotunan kuma ya koma gare su.

Mai ƙaramin jari zai fi samun sauƙi wajen Muniz, tunda ɗaki da fitila sun isa a fara. Amma zuciyata tana wajen Salgado, saboda haƙurin zama da mutane har su saba da kai kafin ka ɗaga kyamara.