Landan ko Samaru?

Ƙanwata ta nemi shawarata: ta nemi karatu a Landan, ko ta shiga ABU, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya?

A Landan bizar ɗalibi tana ba mai karatun digiri damar aikin awa 20 a mako lokacin karatu, horon aiki a kamfanoninsu kuma yana buɗe ido ƙwarai. Amma kuɗin haya kan lashe albashin, a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, ga kewar gida. Wannan kewar ce ta fi damuna, don yarinya ce.

A Samaru akwai SIWES, shirin horon aiki na ɗalibai, kodayake samun gurbi mai kyau sai an dage. Ga Inna kusa, ga tuwonta.

Na ce mata: "Yi digirin farko a nan, na biyun ki fita."