Katako, Fiba ko Ƙarfe: Kafin Ka Ba da Kuɗin Jirgin Ruwa

Tun bayan jirgin da ya tashi daga Lokon Minna ya rabe biyu kafin ya kai Wara a watan Mayun 2021, da mutum fiye da 150 a cikinsa, sannan na Patigi ya biyo baya a watan Yunin 2023 ya ci 'yan biki sama da ɗari, maganar da ake ta yi daga sama guda ce: a bar jirgin katako a koma na fiba (wanda ake yi da zaren gilas da gam) ko na alminiyam. Shi ya sa duk yaron da ya tara 'yan kuɗinsa yana son shiga sana'ar fito a tafkin Kainji, tambayar da yake fara yi mini ke nan, wanne zai saya. Na riƙe na katako, na riƙe na fiba, kuma ba zan ɓoye ba: in dai kaya za ka riƙa ɗauka tsakanin Yauri da Malale da ƙauyukan gungu, katako nake ba ka shawara.

Bari in fara sallamar waɗanda ba su da dogon zance. Kwale-kwalen da ake sassaƙawa daga gungumen maje ko rimi na masunci ne da ɗansa da komarsu, kuma manyan itatuwan da ake fafe shi da su sun yi wuya. Alminiyam ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, amma ranar da ya tsage sai mai walda da iskar argon, kuma ka nemo mini shi a bakin ruwa. Ga masu narka shi su zuba tukwane, su ma suna sonsa kamar yadda kake sonsa. Ƙarfe kuwa na mai haye da motoci da shanu ne. Yana shan mai, yana cin fenti duk shekara, da rana kuma ba ka iya taka shi ba takalmi.

Fiba yana da kyawunsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Jikinsa sumul ne, saboda haka yana gudu da ɗan mai, ba ya ruɓewa, ba ka kwana kana kwarfar ruwa. Mai ɗaukar ma'aikatan asibiti ko fasinja goma sha biyu a ruwa mai tsabta, ya saya ya huta. Sai dai ruwanmu ba mai tsabta ba ne. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haye kan dazuka da gonaki da tsohon garin Bussa, kuma kututturan da suka rage a ƙasa har yau suna nan suna jira, musamman in ruwa ya ja baya. Katako in ya daki kututture yakan ba da kai kaɗan. Fiba mara kauri darewa yake.

Nawa na fiba na saye shi ne a wani wuri a kudu, fari fat da shuɗin layi, har mutane na zuwa kallo ranar da aka sauke shi daga mota. Araha ce ta ja ni, na manta araha ba ta ado. Wata na biyar, muna dawowa da buhunan shinkafa, muka goga wani kututture da ko jirgin katako ba zai ji shi ba, sai ga ruwa na tsartuwa ta ƙarƙashin benci. Allah Ya sa gaɓa na kusa. Da muka kife shi a kan yashi na sa yatsa a tsagar, abin da na taɓa bai fi kaurin kwali ba, kuma yana marmashewa kamar alli. Allin ne kuwa. Sun dama shi cikin gam don ya yi auki.

A nan na koyi yadda ake yin abin, bayan na riga na biya kuɗin makaranta. Ana shafe mazubi da kakin da zai hana mannewa, a fesa fentin waje, sannan a riƙa shimfiɗa tabarmar zaren gilas ana jiƙa ta da gam na resin da aka ɗiga wa sinadarin daskarewa, ana bi da rola ana korar iska, shimfiɗa kan shimfiɗa. Ƙarfin jirgin yana cikin zaren ne, ba cikin gam ba, zaren kuma shi ne mai tsada, saboda haka nan ake sata. Wanda ya ce maka shimfiɗa shida ya yi, ce masa ya huda ramin fitar ruwa a gabanka ya ba ka ɓallin da ya fito, ka ƙirga da idonka. Ka je da tocila da dare, wani ya haska daga ciki kai kana waje: inda haske ya fi ratsowa, nan aka rage. Ka bi jikin da kwabo kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙarar fanko, iska ce ta maƙale ko shimfiɗa ta saki. Ka kama injin ka jijjiga, in bangon baya yana motsi tare da shi to filawud ɗin da ke ciki ya sha ruwa ya ruɓe, kuma alama ce tsohon jirgi ne aka yi wa wanka da sabon fenti. Abu na ƙarshe, wanda ya fi duka: fiba ya fi ruwa nauyi. In ba a cusa soson da ke hana nutsewa a ƙarƙashin benci da daɓe ba, ya cika da ruwa ƙasa zai tafi kamar dutse. Ka sa a buɗe maka ka gani, kada ka yarda da rantsuwa.

Yanzu ga nawa na gida. Jirgin katako a gabanka ake haihuwarsa, wannan shi ne babban abin da ya fi sauran da shi. Kafinta zai jera katakan ƙasa a kan gungume, ya haɗe su, ya tayar da na gefe yana lanƙwasa su a hankali, ya kafa haƙarƙari daga ciki, sannan a bi kowace gaɓa a cusa auduga ko tsumma da kurfi da guduma, a zuba kwalta mai zafi, wasu su ƙara yankakken kwano a kai. A Mopti ta Mali, inda ake ƙera manyan jiragen da ke bin kogin Kwara har Tambutu, da maɗaci suke yi su ma. In an gama a tura shi ruwa a bar shi kwanaki ya sha, katako ya kumbura ya matse gaɓoɓinsa da kansa. Sabon jirgi ya yi ɗan yoyo a makon farko ba laifi ba ne. Wanda ya kai wata yana yi, da magana.

Dattijon da ya ƙera mini jirgin da nake aiki da shi yanzu, ranar da na kawo katako bai ko gaisa da ni sosai ba. Ya ɗauki guda ya ɗaga ya ji nauyi, ya kankare gefe da wuƙa, ya kai harshe. Ya tofar ya ce, “Wannan maɗaci ne.” Ya ɗauki na biyu ya yi masa haka, sai ya jefar gefe.

Na ce, “Baba, ai tare na saye su, kuɗi ɗaya.”

Ya ce, “Ɗana, kuɗin ne ɗaya. Wannan jan ƙasa aka shafa masa. Mayar musu.”

Cikin katako talatin, bakwai ya ware. Maɗaci da kawo da loko su ne na ruwa. Farin katako mai laushi na silin ne da akwatin tumatir. Ko a itacen kirki, farin gefen nan da ke bayan ɓawo shi ke fara ruɓewa, jan tsakiyar ake so. Ɗanyen katako kuma ya fi kowane mugunta, domin ranar da ka saya lafiya lau yake, sai ya bushe a jikin jirgi ya janye, gaɓoɓin da ke saman ruwa su buɗe baki, ranar da ka yi lodi su nutse su fara sha. Ka saya da wuri, ka jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, ya sha iska. Ƙusa ma ka saya da hannunka, mai rufin da ba ya tsatsa, ka kawo ta a kwalinta. Ƙusar gini ta yau da kullum shekara biyu ta zama gari, katakon na nan da kyansa amma ba abin da ke riƙe da shi. Ka kuma auna tazarar haƙarƙari da kamunka, don mai son ya ci riba a nan yake tsallake ɗaya cikin uku, ya rufe da daɓe.

Ranar da katako ɗaya ya fashe, kowace mashaya akwai mai cire shi ya sa wani kafin la'asar. Na fiba sai da ya yi mako shida a kife ina jiran gam daga Legas.

Batun kuɗi, kada ka yarda a yi maka jimla da baki. Farashi yana bin dala da kuɗin mota, saboda haka a rubuta da ƙirga: katako nawa, tsawo da kauri nawa, ƙusa kilo nawa, kwalta, fenti, ladan hannu daban, kuɗin turawa ruwa daban. Ka biya kashi uku: na fari in an shimfiɗa ƙasa, na biyu in an tayar da gefe da haƙarƙari, na ƙarshe bayan jirgi ya kwana a ruwa da lodi. Wanda ya ba da kuɗi duka tun farko, jirginsa ne ke zama inuwar awaki. Kuma ka ware kuɗin gyaran shekara tun yanzu, don katako yana son a fito da shi a kankare a sake kwalta. A nan kam fiba ya fi shi sauƙi.

Injin shi ne rabin jarin, wani lokaci ma fiye. Yamaha Enduro mai doki 40 shi ya cika ruwanmu, manyan jirage su sa mai 75, kuma dalilin ke nan kayan gyaransa ke ko'ina. Dalilin ke nan kuma ake kwaikwayonsa. Akwai sabon murfi da sitika a kan injin da ba shi ba ne, akwai tsohon da aka wanke da fetur aka fesa. Ka duba lambar da ke jikin maƙalin ta dace da ta takarda, ka kwance ƙusar man giya ta ƙasa: in man ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga. Ka sa a tayar da shi da sanyin safiya, ba wanda aka riga aka ɗumama kafin ka iso ba.

Mai son koyon ƙirar kanta, a New Bussa akwai kwalejin tarayya ta fasahar kamun kifi, ga cibiyar binciken kifi ta ƙasa a garin, akwai kuma irin kwalejin da aka kafa a Baga. Mai hangen manyan jiragen teku sai ya nufi kwalejin jiragen ruwa ta Oron a Akwa Ibom, ko Legas, inda sojojin ruwa suka ƙera jirginsu NNS Andoni a 2012. Amma ni da ɗana ne, shekara uku zan fara ajiye shi a gaban dattijon nan yana riƙe masa kurfi, ya iya sanin itace da harshe, sannan ya je ya koyo lissafin lodi da zane da aikin fiba na gaskiya.

Kowanne ka saya, ka yi masa rajista da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ka ja layin fenti a jikinsa inda ruwa ba zai wuce ba ko ranar kasuwa ce, ka bar tafiyar dare. Rigunan ceto ma akwai na bogi, cike da tarkacen soson katifa mai shan ruwa. Kafin ka biya kuɗin dozin, ciro guda ɗaya, ka sa wa ƙaton da ya iya iyo, ya faɗa inda ruwa ya kai masa wuya ya ɗauke ƙafafunsa, ku ba shi minti goma kuna kallo.